Bokitin da ya faɗo daga sama: yadda Corona ta ƙirga makaman Rasha a 1960

Ranar 19 ga Agusta 1960 abu biyu suka faru, ɗaya duk duniya ta ji, ɗayan kuma an ji shi amma ba a san mene ne ba sai bayan shekara 35. Na farko a Mosko ne, kotun soja ta yanke wa Francis Gary Powers shekara 10, matuƙin jirgin leƙen asirin Amurka U-2 da aka harbo ran 1 ga Mayu kusa da Sverdlovsk. Na biyun kuma a saman tekun Fasifik ne wajen Hawaii, wani kyaftin ɗin sojan sama mai suna Harold Mitchell yana tuƙa wani ƙaton jirgin dakon kaya C-119 yana jan igiya da ƙugiyoyi a bayansa, ya kai wa wata lema da ke saukowa daga sama cafka sau biyu yana kuskure, a na uku ƙugiya ta kama. Abin da ke rataye jikin lemar wani ɗan tulu ne da su masu aikin suke ce ma bokiti, cikinsa kuma fim ne na kyamara, kilo 9 ko kusa da haka. Jaridu sun buga labarin a matsayin nasarar binciken kimiyya, wai tauraron ɗan Adam Discoverer 14. Babu wanda ya ce musu hotunan Rasha ne a ciki, ko cewa ainihin sunan shirin Corona ne, shirin taurarin leƙen asirin Amurka.

Matsalar da ta haifi abun

Bayan yaƙin duniya na biyu Amurka ta samu kanta da abokin gaba wanda ba ta iya leƙa gidansa. Tarayyar Sobiyet ƙasa ce a rufe ruf, baƙo ba ya yawo yadda ya ga dama, akwai garuruwa sukutum da ba su a taswira, har ta kai masu tsara yaƙi a Amurka suna dogaro da tsofaffin hotunan da jiragen Jamus suka ɗauka lokacin yaƙi da kuma labarin fursunonin da aka sako. To ka ga mutum yana da bam na nukiliya, kai kuma ba ka san guda nawa ba, ba ka san ina ya ajiye ba, dole zuciya ta riƙa saƙa maka mafi muni. A taron Janiba na 1955 shugaban Amurka Eisenhower ya kawo shawarar kowa ya bar ɗan'uwansa ya yi shawagi a samaniyarsa ya ɗau hoto, Khrushchev, jagoran Sobiyet, ya ce a'a, wannan leƙen asiri ne aka sa ma riga. Sai aka koma ta bayan gida, U-2 ya fara ratsa Rasha ran 4 ga Yuli 1956 a tsayin kusan kilomita 21 inda a lokacin makami ba ya kai masa.

U-2 ya yi aiki, hotunansa tar suke, amma sau 24 kacal ya ratsa ƙasar cikin shekara huɗu, don kowace tafiya sai Eisenhower ya sa hannu da kansa kuma yana yi gabansa na faɗuwa, ya san Rashawa suna ganin jirgin a radarsu, kawai hannunsu ne bai kai ba, kuma wata rana zai kai. Ana cikin haka Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko da Rasha ta harba, ya tashi ran 4 ga Oktoba 1957, ai kuwa hankalin Amurkawa ya tashi, don rokar da ta iya kai tauraro sama za ta iya kawo bam har gida. Khrushchev kuma gwanin burga ne, ya riƙa cewa masana'antunsu na fitar da rokoki kamar yadda inji ke fitar da sosej. Daga nan maganar "tazarar makamai masu linzami" ta shiga bakin 'yan siyasa, wai Rasha ta yi wa Amurka nisa, sojan sama suna kawo manyan alƙaluma don a ƙara musu kasafi, CIA na kawo nata, babu mai hujjar da zai kashe bakin wani.

Wani abu da Sputnik ya yi wa Amurka ba da niyya ba shi ne, ya riƙa wucewa ta saman ƙasashen mutane babu wanda ya ce an keta masa iyaka. Wato Rasha da hannunta ta kafa al'adar cewa can sama ba ta kowa ba ce.

Hanya biyu, aka ɗau wadda ba ta da kwarjini

Sojan sama dama suna da nasu shirin, wanda daga baya aka sani da Samos, tunaninsu tauraron ya ɗau hoto ya wanke fim ɗin can sama ya karanta shi da na'ura sannan ya aiko ta rediyo. A takarda abun burgewa ne, a aikace kuwa fasahar lokacin ba ta kai ba, saƙon rediyo ba ya iya ɗaukar hoto mai yawa mai kyau a ɗan mintocin da tauraron ke wucewa ta saman tasha. Sai a Fabrairu 1958 Eisenhower ya amince da wata hanya ta wucin gadi: a ɗau hoton a fim na gaske, a naɗe shi a tulu, a jefo tulun ƙasa, a wanke a gida. Ya damƙa wa Richard Bissell na CIA da Janar Osmond Ritland na sojan sama, mutum biyun da suka yi U-2 tare. Sunan sirri Corona, sunan da aka ba jama'a Discoverer, aka ce gwajin injiniyanci ne da binciken yadda halitta ke rayuwa a sama. Ba girin-girin ba dai ta yi mai, wucin gadin nan shi ya yi shekara 12 yana aiki, Samos kuwa aka rufe shi.

An raba aikin: rokar Thor ta kamfanin Douglas a ƙasa, Agena ta Lockheed a sama wadda ita ce jikin tauraron, kyamara Itek ta zana Fairchild ya ƙera, fim na Eastman Kodak, bokitin kuma General Electric. Ana harbawa daga sansanin Vandenberg a Kalifoniya, a nufi kudu ta saman teku, tauraron ya riƙa zagaya duniya ta ƙuryar kudu da ta arewa, duk zagaye minti 90 da ɗoriya, duniya kuma tana juyawa a ƙarƙashinsa, saboda haka kowane zagaye sabon yanki yake takawa.

Faɗuwa goma sha biyu a jere

Nan ne ni labarin ya fi kama ni. Daga Fabrairu 1959 zuwa Yuni 1960 an harba sau 12, ko hoto ɗaya bai dawo ba. Kuma ba ciwo ɗaya ba ne da za ka ce an gano an yi magani, kowane karo da sabon salo. Discoverer 2 a Afrilu 1959 agogon da ke sakin bokiti ne aka saita ba daidai ba, maimakon Hawaii sai ya faɗa can tsibirin Spitsbergen na Nowe cikin ƙanƙara, aka tura mutane nema ba a same shi ba. Discoverer 3 ɓeraye huɗu aka sa a ciki don labarin kimiyyar ya zauna, bai ma kai falaki ba. Na 4 shi ne na farko mai kyamara, shi ma bai kai ba. Na 5 ya kai, amma sanyi ya kashe kyamarar tun zagayen farko, bokitin kuma da aka kunna masa rokar birki yana kallon inda bai kamata ba, sai ya ƙara yin sama maimakon ya sauko. Wani lemar ce ta ƙi buɗewa.

Sai matsalar fim, wadda babu wanda ya hango ta. Fim ɗin da aka saba da shi a ƙasa in ya shiga inda babu iska sai ya bushe ya yi ƙaras ya tsinke cikin kyamara kamar busasshen ganye. Kodak sai da suka sauya gindin fim ɗin gaba ɗaya zuwa foliyesta mai siriri da jure ja. A Discoverer 11, Afrilu 1960, kyamara ta yi aiki da sabon fim, kowa ya fara murna, sai ƙananan rokokin da ke juya bokiti kamar katantanwa don ya tsaya saiti suka fashe, shikenan hotuna suka tafi. Aka cire su aka sa iskar gas mai sanyi. Bissell ya faɗa daga baya cewa abun na cin rai, don jirgin sama in ya samu matsala matuƙi zai dawo ya ba ka labari ko ka tsinci tarkace ka duba, tauraro kuwa ka harba ne ya tafi, sai ɗan saƙon rediyo da za ka zauna kana hasashe a kai, ka gyara abin da kake zato, ka sake harbawa, in ya sake faɗuwa ka san zatonka ba daidai ba ne.

Ni a ganina abu biyu ne suka hana a kashe shirin. Na ɗaya sirri, don da a ce majalisa da jaridu sun san kuɗin leƙen asiri ne ke ƙonewa wata bayan wata da tuni an yi masa ca. Na biyu kuma Eisenhower tsohon janar ne da ya san darajar hoton sama tun yaƙin Turai, sannan bayan 1 ga Mayu ba shi da wani zaɓi, Powers ya tashi daga Peshawar zai sauka Bodo a Nowe aka harbo shi da rai, gwamnati ta yi ƙaryar jirgin duba yanayi ne, Khrushchev ya fito da matuƙi da kyamara da komai, taron shugabannin manyan ƙasashe na Faris ya watse, aka daina tura U-2 Rasha. Ido ɗayan da ake da shi ya tsiyaye.

Discoverer 13 an harba shi 10 ga Agusta ba kyamara, na'urorin gwaji ne da tutar Amurka. Washegari bokitinsa ya sauko, jirage suka rasa shi a sama, ya faɗa ruwa, jirgi mai saukar ungulu ya tsamo shi. Shi ne abu na farko da ɗan Adam ya taɓa dawo da shi daga falaki. Aka kai wa Eisenhower tutar a gaban 'yan jarida, wanda hakan ya ƙara wa labarin rufa-rufar ƙarfi.

Abin da Discoverer 14 ya kawo

18 ga Agusta aka harba na 14, ya yi zagaye 17, bakwai daga ciki ta saman Rasha da ƙawayenta. Kyamarar ba irin mai ƙyas ɗaya ba ce, lensinta mai tsawon inci 24 lilo yake daga gefe zuwa gefe yana shafa hoton a kan dogon zaren fim mai faɗin milimita 70, kowane shafi doguwar tsiri ce ta ƙasa. Wahalar ita ce tauraron yana gudun sama da kilomita 7 a daƙiƙa, dole kyamara ta rama wannan gudun in ba haka ba komai ya fito dishi-dishi, kuma dole jikin tauraron ya tsaya cak yana kallon ƙasa ba tangaɗi. Da fim ya ƙare sai Agena ta sunkuyar da kai ta saki bokiti ta wajen Alaska, rokar birki ta rage masa gudu, garkuwar zafi ta kare shi lokacin da yake huda iska, lema ta buɗe, yana ta kuka ta rediyo jiragen Hawaii suna bin sautin. In an rasa shi a sama zai yi ta iyo, amma an toshe gindinsa da toshiyar gishiri, bayan kamar kwana biyu gishirin ya narke ruwa ya shiga ya nutse, don kada wani jirgin ruwan Rasha ya tsinci dami a kala. Wannan dabarar gishirin har yau tana ba ni dariya, ga roka ga lissafin falaki, amma mai gadin sirrin gishiri ne.

Aka kai fim Rochester wajen Kodak aka wanke, aka wuce da shi Washington wajen masu karanta hoto ƙarƙashin Arthur Lundahl. Tafiya ɗaya tak ta ɗauko fili mai faɗin murabba'in mil miliyan 1.65, ya fi Najeriya sau huɗu, kuma ya fi duk abin da U-2 ya ɗauko a tafiyarsa 24 in an haɗa. Hoton farko filin jirgin soja ne a Mys Shmidta, can ƙuryar arewa maso gabashin Rasha. An ƙirga filayen jirgin sama 64 da sababbin wuraren makaman kakkaɓo jirgi 26. Sai dai fa kar a zuzuta, hoton bai kai na U-2 kyau ba ko kusa, abin da bai kai kamar mita 12 ba ba ka ganinsa, titin jirgi za ka gani amma ba za ka ce ga irin jirgin ba. Gajimare kuma ya cinye kaso mai yawa na fim ɗin, abin da ya sa daga baya suka harba taurarin duba yanayi na soja musamman don a san inda gari ya waye kafin a ɓata fim.

Amma tambayar da ake son amsawa ba ta buƙatar a ga lambar mota. Rokar R-7 ta Rasha ƙatuwa ce, sai da layin dogo ake kai ta, wurin harba ta gari guda ne da hanyoyi da shinge. Saboda haka masu karanta hoto suka riƙa bin layukan dogo ɗaya bayan ɗaya, tafiya bayan tafiya, suna soke wuraren da ake zargi. Amfanin Corona a nan shi ne iya cewa "mun duba nan, babu komai", wanda ɗan leƙen asiri na ƙasa ba zai taɓa iya faɗa maka game da ƙasa mai faɗin Rasha ba. A Satumba 1961 ƙiyasin hukuma ya faɗo daga ɗari da wani abu zuwa tsakanin 10 da 25. Ainihin abin da ke akwai ma bai kai haka ba, 'yan ƙwarori ne a sansanin Plesetsk da ke arewacin Rasha.

To sai me ya biyo baya

Nan ne lissafin ya ɗan cakuɗe. Eisenhower ya ga hotunan farko tun Agusta 1960, ana tsakiyar kamfen, Kennedy yana ta dukan gwamnati da maganar tazarar makamai, shi kuma ba halin ya fito da hoto ya ce ga shi, don in ya yi ya tona asirin tauraron. Kennedy ya ci zaɓe, ya shiga ofis, sakataren tsaronsa McNamara ya duba takardu ya ce wa 'yan jarida a Fabrairu 1961 babu wata tazara, aka yi ta surutu har ya ja maganar baya. A Oktoba 1961 suka sa mataimakinsa Roswell Gilpatric ya faɗa a bainar jama'a cewa Amurka ce ke gaba nesa ba kusa ba, wato saƙo ne ga Khrushchev cewa mun ƙirga, burga ta ƙare.

Ana yawan ba da labarin Corona kamar ita ta kwantar da hankalin duniya, ni dai ban yarda da shi duka ba. Ta kwantar da hankalin Washington, wannan gaskiya ne, shugaba Johnson ma ya faɗa a 1967 cewa ko hoton sama kaɗai aka samu daga duk kuɗin da aka zuba a harkar sararin samaniya ya biya ninki goma, don da suna gina abin da ba su buƙata suna jin tsoron da bai kamata ba. Amma sanin bai hana su girke makamai masu linzami na Minuteman 1,000 ba. Shi kuma wanda aka tona wa asiri ba zama ya yi ba, shekara ɗaya bayan jawabin Gilpatric sai ga makamai masu matsakaicin zango a Kyuba, kuma masana tarihi da yawa suna ganin neman cike wannan giɓin da sauri na cikin dalilan, tare da kare Castro da haushin makaman Jupiter da Amurka ta ajiye a Turkiyya. Kyuban ma ba Corona ce ta gano ba, U-2 ne ran 14 ga Oktoba 1962, don idon tauraron bai kai ba kuma fim ɗinsa sai an jira kwanaki. Wannan jiran shi ne babban rauninta, ta iya ƙirga abin da aka gina da kankare, ba ta iya gaya maka abin da ke faruwa yau da safe, kuma haka aka zauna har tauraron KH-11 ya zo a 1976 mai aiko hoto kai tsaye.

Inda na ga ta yi amfani na haƙiƙa shi ne da ɗaya ɓangaren ma ya samu nasa idon. Rasha ta kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya a 1962 a haramta leƙen asiri daga sama, a shekarar kuma nata tauraron Zenit ya fara aiki da sunan Kosmos 4, wanda jikinsa ɗaya da kumbon Vostok da ya ɗau Gagarin, shi har kyamarar yake dawowa da ita a sake amfani. Zuwa 1963 sai ta yi shiru da ƙarar. Da aka zo yarjejeniyar ƙayyade makamai ta SALT a 1972 sai aka rubuta cewa kowa zai tabbatar da alƙawari ta "hanyoyin fasaha na ƙasa" kuma kada wani ya hana wani, ba a ambaci tauraro ba amma kowa ya san shi ake nufi. Abin da Khrushchev ya ƙi a Janiba kenan ya dawo ta taga.

Ita Corona ta ci gaba da gyaruwa, 1962 aka sa kyamara biyu ɗaya na kallon gaba ɗaya baya don a ga tsayi da zurfi, 1963 bokiti biyu, a ƙarshe tana ganin abu mai ƙasa da mita 2. Ita ta riƙa sa ido a Lop Nur, filin gwajin nukiliyar Sin, har Amurka ta riga ta sanar cewa Sin na dab da gwada bam kafin a yi ran 16 ga Oktoba 1964. A shekarar ne kuma wani bokiti ya ɓace ya faɗa ƙauye a Benezuwela kusa da La Fria, manoma suka tsince shi suka ɓaɓɓalle sassansa, hotonsa ya fita a jarida kafin jami'an Amurka su je su karɓo, daga nan aka daina rubuta "sirri" a jiki aka koma rubuta alƙawarin tukwici cikin harsuna takwas. An yi harbi na ƙarshe a Mayu 1972, jimilla an tara hotuna sama da 800,000.

Shugaba Clinton ya buɗe su a Fabrairu 1995, yanzu suna hannun hukumar binciken ƙasa ta Amurka da ma'ajiyar tarihinsu, kuma waɗanda suka fi cin moriyarsu masu haƙar kayan tarihi ne da masu nazarin muhalli, don hotunan sun kama Siriya da Iraƙi kafin madatsun ruwa da manyan gonaki su shafe tsofaffin kufai. Taurarin ba Rasha kaɗai suka ɗauka ba, har Afirka sun shafa. Hoton nan na Tafkin Chadi na 1963 da ake yawan jerawa da na shekarun da suka biyo baya don a nuna yadda ruwan ya janye, lokacin yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000, daga cikin wannan tarin ya fito, Argon ce ta ɗauke shi, ƙanwar Corona da aka harba don zana taswirar da za a saita makamai da ita.